Inna a Hawa na Uku

Ni ce na fara kawo shawarar a raba Inna da tuƙin tuwo. Ina faɗar wannan tun da farko domin nan gaba zan zargi mutane da yawa, kuma ba na son a ɗauka na wanke kaina.

Kusan shekara arba'in ta yi tana sayar da tuwo a ƙofar gidan hayar da aka haife mu, a Agege, ba nisa da layin dogo. Rumfar kwano ce da benci uku. Da azahar mahauta ke fara zuwa daga kwata, sai direbobin da suka sauke shanu daga Arewa, sai 'yan Nijar masu gadi, waɗanda ke cin nasu da la'asar kafin su kama aiki. Ta san mai son ƙanzo, ta san wanda kuɓewa ke tayar wa zuciya, ta san wanda matarsa ta haihu a gida bai samu zuwa suna ba. Ana cin tuwo tana shari'a. Ta sasanta wannan da wancan, ta yi wa wani faɗa a kan wasa da salla, ta juya ta yi cinikin tattasai da Yarbanci kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ban taɓa ganin ta ci abinci ita kaɗai ba. Ko ruwa za ta sha sai ta fara miƙa wa na kusa da ita.

Mu uku ta haifa. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta kama sunana. "Ke" ce ni a bakinta, ko "'yar nan". Mai bi mini yana sana'ar raguna a Alaba Rago, autanmu kuwa ma'aikaci ne a Abuja. Ni shagon atamfa gare ni a kasuwar Jankara.

Bayan rasuwar Baba gwiwoyinta suka soma ciwo, hayaƙin itace kuma ya sa idonta yawan ruwa. Akwai ƙananan abubuwa da muka gani muka yi dariya. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta yi ta neman mara alhali tana hannunta, ta kira mahaucin da ke gabanta da sunan ubansa da ya daɗe da mutuwa. Muka ce tsufa ne. Amma abin da ya dame ni a gaskiya ba gwiwarta ba ce. A wajen wani biki ne wata mata ta nuna ni ga ƙawarta ta ce, "Ai 'yar mai tuwon bakin layin dogo ce." Ina cikin leshi mai tsada, na yi murmushi, amma maganar ta bi ni har gida. A satin nan na kira ƙannena.

Muka same ta a ɗaki ranar Lahadi, ni ce na yi magana. Na ce, "Inna, kin sha wahala a kanmu. Yanzu lokacin hutunki ne."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To mutanen nan fa, wa zai ba su abinci?"

Autanmu ya ce, "Legas ba ta rasa masu tuwo ba, Inna."

"In na huta in yi me?"

Na ce, "Ki yi ibadarki, ki ci, ki kwanta."

Ta ce, "Ai wannan aikin marar lafiya ne."

Mun fi ta baki, kuma mu uku ne. Ta ce Allah ya yi mana albarka. Aka raba manyan tukwanen ga maƙwabta, aka sauke rumfar, na ɗauke ta zuwa gidana a can ɗaya gefen Agege, inda ba Bahaushe ko ɗaya a layinmu. Bene ne, ni ina hawa na uku. Na ba ta ɗaki mai tayil da fanka da banɗaki a ciki, na sa mata talabijin. Duk wanda ya ji sai ya ce na cika 'ya.

Maigidana fataucin goro yake yi, ya fi zama a hanya fiye da gida. 'Ya'yana mata biyu sun yi aure. Ni kuwa ina idar da sallar asuba nake fita in kama danfo, bas ɗin haya, ba na dawowa sai an yi magariba, wani lokaci gosulo ya kai ni isha'i. Matar da ta saba gaisawa da mutum ɗari kafin rana ta faɗi, ita ce ta koma wuni da bango huɗu da ƙarar janareton maƙwabta. Matakalar gidan ta fi ƙarfin gwiwarta. Da farko takan daure ta sauka ranar Juma'a a kai ta tsohuwar unguwa, daga baya ta ce saukar ba ta kai hawan wuya ba, ta bari.

A watan farko an zo gaishe ta. Wasu mahauta biyu sun zo, da matan gidanmu na da. Sai maigadi ya tsare su da tambaya a ƙofa, su hau bene suna haki, su zauna a bakin kujera kamar waɗanda aka kawo ƙara. Ba wanda ya sake dawowa. Da can ma ba ziyara suke kai mata ba, hanyarsu ce ta bi ta ƙofarta. Da muka ɗauke ta daga kan hanyar, sai suka ci gaba da wucewa.

Maƙwabciyata ta ɗakin da ke kallon nawa, wata Bayarabiya ce da ta yi ritaya daga koyarwa, ita ce ta riƙe Inna a shekarar farko. Takan leƙo da hantsi su yi hira da Yarbanci. Sai Yarbancin ya fara zubewa daga bakin Inna. Yau ta rasa kalma ɗaya, gobe ta amsa da Hausa, har ranar da matar ta gaishe ta Inna ta tsaya tana kallonta kamar ba ta taɓa jin harshen ba. Hausar ma da ta rage mata ba irin tamu ta Agege ba ce, ta ƙauyensu ce a ƙasar Katsina, wadda ta baro tun tana amarya. Bayan kwana biyu ta ce matar ɓarauniya ce, tana leƙen inda take ajiye ɗankunnenta, ta watsa mata ruwa. Matar ba ta yi fushi ba, amma ta daina zuwa, kuma ban ga laifinta ba.

Wata rana na dawo na tarar da fuskar Inna a sake, irin sakewar da na daɗe ban gani ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ke, mun yi baƙuwa."

"Wace ce?"

"Wata tsohuwa ce, da ganinta 'yar wajenmu ce. Bakinta na motsi amma ba ta da murya, baiwar Allah."

Ta ja ni ɗakinta. Ta shimfiɗa tabarma gaban madubin durowar kaya, ta ajiye kwanon abincin da na bar mata da kofin ruwa. Ita ba ta ci komai ba tun safe, tana jiran baƙuwa ta fara. Na ce, "Inna, ai ke ce. Madubi ne." Ta dube ni kamar na yi ashar a gaban manya, ta ce in rage murya.

Kusan wata guda tana hira da baƙuwar nan. Sai ta fara ƙorafi. Kullum ana ba ta abinci ba ta ci, ana yi mata magana tana kwaikwayon mutum, wannan raini ne. Ranar da abin ya kai ta bango ta jefi madubin da kwano, gilashi ya yanke ta a hannu. Na cire duk wani madubi da ke gidan. Washegari ta bi ɗaki ɗaki tana nema, sannan ta zauna a ƙasa ta ce, "Mutum ɗaya ke zuwa wurina, shi ma kin kore shi."

La'asar ita ce lokacin da ya fi muni, ranakun Lahadi da nake gida nake ganin haka. Rana na karkata sai ta miƙe, ta ɗaure kayanta a zane, ta yi ta kai da kawo tsakanin ɗaki da ƙofa. "Mutane na jira na, ban ɗora ruwa ba." In na ce ba wanda ke jiran ta, sai ta hau zagi, ita da ban taɓa jin ta zagi ko kaza ba. Wata Laraba ta juye shinkafar gidan kaf a tukunya, ta kunna gas, ta manta. Maƙwabciyar ce ta ga hayaƙi ta kira maigadi. Daga ranar na cire kan gas ɗin, na sayi kwaɗo. Kullum da asuba in ajiye mata abinci, in kunna talabijin, in kulle uwata ta waje in sauka. Maƙwabta suka ce takan wuni tana dukan ƙofa da taɓarya. Na ɓoye taɓaryar.

Ta ce na sace mata muciya na sayar. Ta ce ina zuba mata wani abu a koko. Ta mare ni sau biyu, na biyun har ɗankunnena ya fita. Amma duk wannan bai kai ranar da na shigo ta tare ni da ladabi, ta ce, "Baiwar Allah, don Allah ko kin ga 'yata?" Sannan ta faɗi sunana. Shekarata arba'in da bakwai a lokacin, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Ta ce yarinyar ta kawo ta nan ta ajiye ta tafi, har yanzu ba ta dawo ba.

Na kira ƙannena. Autanmu ya ce aiki ya riƙe shi, amma duk abin da ake bukata in faɗa. Mai bi mini ya zo da wani malami, ya ce aljanu ne, gidan sama ba a rasa su. Malamin dattijo ne mai sanyin magana, Bakatsine. Kafin ya fara karatu ya gaishe ta, ta amsa, ta tambaye shi garinsu, ya faɗa. Sai ga Inna ta gyara zama tana tambayarsa ko an yi ruwa bana, ko gero ya yi kyau. Ta sa aka kawo masa abinci, ta tsare shi sai da ya ci. Ya yi karatunsa tana zaune tana cewa amin. Ranar la'asar ta wuce ba ta ɗaure kaya ba. Ƙanena ya ce, "Kin gani ko, Yaya? Sun fita." Ya kama hanyar Alaba Rago da ransa fari. Bayan kwana biyu ta koma dukan ƙofa, da murfin tukunya wannan karon.

Sai na kai ta asibiti. Likitar mace ce, ba ta jin Hausa, ni nake fassara. Ta yi wa Inna tambayoyi, aka yi hoton kai, ta ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke cinye tunani a hankali, wanda mu muke kira gigin tsufa. Ta ce ba ya warkewa, kuma ba ni na sa mata shi ba. Har na fara jin sanyi. Sai ta tambaye ni, "Da rana da wa take magana?"

Na ce ina kiran ta a waya.

"Tana iya ɗauka?"

Wata shida ke nan Inna ba ta san abin da ake yi da waya ba. Likitar ta ce mantuwar tana tafiya da kanta, amma tsoro da faɗa da ganin abin da babu, sau da yawa kaɗaici ke hura musu wuta. Mutumin da tunaninsa ke kuɓuce masa da mutanen da ke kewaye da shi yake gane inda yake. In ba kowa, sai ya cike gurbin da abin da ya samu. Ta rubuta magani, amma ta ce in nema mata mutane.

Na ɗauka wannan mai sauƙi ne. Ranar Lahadi na shiga tsohuwar unguwarmu, na bi mutanen da na san sun ci a bencinta shekara da shekaru. Wani babban mahauci, wanda ya zo Legas da riga ɗaya Inna ta ba shi wurin kwana a zaurenmu, yanzu da motarsa da gidansa, ya saurare ni yana duba waya. Ya ce, "Allah sarki Inna. Wallahi tana raina kullum. In sha Allahu wannan satin." Haka na biyu ya ce, haka na biyar. Wata mata da Inna ta yi wa wankan jego har sau uku ta rage murya ta ce, "An ce tana duka ko? Ni kin ga ina da hawan jini." Na ce kujera kawai nake roƙo a zauna, ko rabin awa. Ba wanda ya ce a'a. Ba kuma wanda ya zo.

Ana saura kwana kaɗan Babbar Salla mai bi mini ya biyo da hantsi zai wuce wajen wani mai sayen raguna. Ya karɓi makulli wurin maigadi, inda nake barin ɗaya saboda gobara. Ya zauna da ita minti goma. Da zai tafi maigadi ya tuna masa da kwaɗon, ya ce, "Ni ba zan kulle uwata kamar akuya ba." Ya yi tafiyarsa. Shi ya tsira da mutuncinsa.

Da zaune Inna ta sauko matakalar, ɗaya bayan ɗaya, da ƙullin kayanta. Maigadi ya tafi sallar azahar. Ta nufi wajen layin dogo, amma ta ɓace, ta shiga wata 'yar kasuwa da ba a san ta ba. A hanya ta faɗa kwalbati, ɗankwalinta ya tafi, zanenta ya yi baƙi da laka. Tsohuwa ce ramammiya, furfura a waje, tana ta magana ita kaɗai. Wani ya ce ya ga tsuntsu ya faɗo daga kan wayar wuta ya rikiɗa ya zama mace. Kafin a ce me, an kewaye ta ana kiran "aje", wato mayya. Suna tambayarta da Yarbanci, suna tambayarta da buroka, daga ina ta taso, mutum nawa ta ci. Ita kuma tana ba su haƙuri da Hausar ƙauyensu, tana cewa yanzu za ta kwashe tuwon, su ɗan jira. Wata ta kwaɗa mata silifa a fuska. Aka fara jifa.

Wani ɗan Nijar mai tura kurar ruwa ne ya kutsa cikinsu. Bai taɓa cin tuwonta ba ma, wucewa kawai yakan yi ta ƙofarmu da can, ta ce masa sannu da aiki. Ya saki kurarsa, ya cire rigarsa ya rufa mata a kai, da guntun burokansa yana cewa uwarsa ce, duk mai son taɓa ta ya fara da shi. Dutse ya fasa masa goshi. Ya goya ta ya kai ta tsohon gidanmu, daga can aka kira ni.

Da na iso an wanke ta, tana zaune a tabarmar wata tsohuwa mai sayar da daddawa da kuka, Bazazzagiya, wadda suka yi zaman gidan tare tun kafin a haife ni. Leɓen Inna ya kumbura. Ta dube ni ta ce, "Yau an yi mutane da yawa, abincin bai isa ba. Shi ya sa suka yi fushi."

An ɗauki abin a waya, ya zaga har ya iso tawa. Na kalla sau ɗaya. A bayan taron na gane fuska biyu, Hausawa, da hulunansu, waɗanda na sha zuba wa miya da hannuna ina yarinya. Suna tsaye sun harɗe hannu. Ba su yi jifa ba, na ba su wannan. Ɗayansu har yau muna haɗuwa a wurin suna ko ɗaurin aure, ya ce, "Hajiya, ina gajiya?" in ce ba gajiya.

Mai daddawar ce ta ce mini, "'Yar nan, ki bar mini ita a nan. Ɗakina ya ishe mu." Na yarda a take, ƙannena suka ƙi. Autanmu ya ce ta waya, "Yaya, bayan abin da ya faru kuma a mayar da ita gidan da ake layin banɗaki? Me mutane za su ce?" Mai bi mini, wanda bai ce uffan ba a kan kwaɗon, ya goyi bayansa. Ni ma ban dage ba, domin tambayar ta taɓa ni inda ta saba taɓa ni. Muka tsaya a kan kwana uku a mako. Na ɗauki wata mata 'yar wajen Jos mai jin Hausa ta riƙa kula da ita. Ita da maigadi suke sauko da Inna a kan kujerar roba, a sa ta a keke a kai ta tsohon gida da safe, a dawo da ita da yamma.

Inna ba ta gane mai daddawar ba, "maƙwabciya" take ce mata. Amma tana zama a zauren nan sai kafaɗunta su sauka. A zuba mata wake a faifai ta yi ta tsinta. Masu sayen daddawa su gaishe ta, ta amsa, ta tambayi mutanen gida waɗanda ba ta sani ba. Ana faɗa a tsakar gida a kan igiyar shanya, ta sa baki. Kwano ɗaya suke ci ita da tsohuwar, ta cinye nata tas. In la'asar ta yi ta fara waige-waige, sai mai daddawar ta ce, "Zauna, yau an hutar da ke, ni na tuƙa." Ta ce to, ta zauna. A ranakun nan uku ba zagi, ba duka, ba ɓarayi. A sauran huɗun, matar da ke kula da ita tana yi mata wanka da wanki tsaf, ba ta taɓa cutar da ita ba, amma ba ta san me za ta ce wa tsohuwar da ke maimaita tambaya ɗaya sau ashirin ba. Takan zauna a falo da wayarta, Inna a ɗaki. Ban zarge ta ba. Ni da ta haifa ma na sha tserewa kicin.

Wata huɗu aka yi a haka. Sai magadan mai gidan suka sayar da shi, wanda ya saya ya ce shaguna zai gina. Aka ba kowa wa'adi. 'Ya'yan mai daddawar suka zo suka tafi da ita Zariya. Ranar da za ta tafi ta riƙe hannun Inna ta daɗe, Inna kuwa tana ta tambayarta ko kasuwa za ta, ta sayo mata kanwa.

Bayan haka Inna ba ta ƙara faɗa ba, kuma a lokacin har na ji daɗin hakan. Ta daina ɗaure kaya. Ta daina neman 'yarta. Takan kwanta ta fuskanci bango, in an ɗaga ta ta zauna, in an kai cokali bakinta ta kau da kai. Ranar Lahadi in na zauna na sa hannu a kwano ɗaya da ita takan ci loma uku ko huɗu. Na ga haka da idona, na kuma san ma'anarsa, amma Litinin na yi sai in kama danfo. Na gaya wa kaina shago ba zai buɗe kansa ba, maganinta ma daga can yake fitowa. Gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa a Jankara ina dariya, ana ciniki, ana kiran sunana, kuma ina jin sauƙi duk sanda na juya wa benen nan baya.

Ranar Talata ta rasu, tsakanin azahar da la'asar. Matar ta sauka sayo sabulu, ta tsaya gaisawa da wata, da ta hawo ta tarar rai ya yi halinsa. Ni ina kan gada a cikin gosulo sanda ta kira ni. Ba wanda ya san ko ta yi magana, ko ta nemi ruwa, ko ta kira wani.

Washegari layinmu bai ɗauki mutane ba. Maƙwabtana Yarbawa suka fito baranda suna mamakin ashe tsohuwar nan tana da jama'a haka. Mahauta sun zo a motoci, direbobi sun zo, matan unguwa sun cika falo da matakala har ƙasa, hawa na ukun bai gagari kowa ba ranar. Babban mahaucin nan ya aiko da rabin sa don sadaka, ya tsaya a gaban mutane yana share ido yana cewa shi uwa ya rasa. Autanmu ya sauka daga jirgin safe. Mai bi mini ya zauna a tabarmar gaba yana karɓar gaisuwa. Kowa da labarin alherinta a bakinsa, kuma duk gaskiya suke faɗa.

Tsofaffi biyu ne suka yi mata wanka, ni ina zuba musu ruwa. Da aka gama ana ɗaura likkafani, babbar cikinsu ta dube ni ta ce, "Wa ke kanta da rai zai fita? An samu an laƙƙana mata kalmar shahada?"

Matar da ke kula da ita tana tsaye a bakin ƙofa da bokiti. Muka haɗa ido.

Na ce, "Ni ce a kanta. Ta cika da ita."

Tsohuwar ta ce alhamdu lillahi, ta ce Allah ya ba ni masu yi mini yadda na yi mata. Matan da ke falo suka ji, suka amsa da amin. Ni ma na ce amin. Maganar ta bazu a unguwa, ƙannena ma ita suka sani, kuma har yau ban gyara ta a gaban kowa ba.